Ko Kyawun Aiki Yana Wanke Laifin Mai Shi?

Mutanen da sun ce ra'ayi riga, kowa da irin tasa. Wannan magana gaskiya ce, tana kuwa kashe gardama da yawa tun ba ta zama faɗa ba. Wani ya fi son miyar kuka, wani ya fi son ta kuɓewa, babu alƙalin da zai zauna ya raba su. Amma akwai inda karin maganan nan ya ke da iyaka, mutane kuwa su kan ja shi har ya wuce iyakar tasa. Sai mutum ya ƙwari ɗan'uwansa, in an yi masa magana ya ce ai shi haka ya ga dama, ra'ayinsa ke nan. To, a ina ra'ayi ya ke tsayawa hakki ya soma? In kuma mutum ya taka hakkin wani garin bin ra'ayinsa, sa'an nan aikin ya fito da kyau har duniya ta yaba, ko kyawun aikin ya wanke shi ke nan? Akwai wani al'amari da ya faru tsakanin Ingila da Amurka cikin 1967 da 1968 wanda ya tara tambayoyin nan biyu wuri guda. Labarin wani mai shirya sinima ne da wani mai tsara kiɗa. Kafin a shiga cikinsa, ya kamata a fara bayyana irin kiɗan da a ke magana a kansa.

A ƙasashen Turai akwai wani irin kiɗa wanda mutum tamanin ko ɗari su ke taruwa su yi shi tare. Fiye da rabinsu masu goge ne, manya da ƙanana. Akwai gogen da a ke ɗorawa a kafaɗa, akwai wanda ya kai tsawon mutum, sai an kafa shi a ƙasa. Bayansu ga masu busa sarewa da wani abu mai kama da algaita, ga masu ƙahonin tagulla, can ƙurya kuma ga masu tambura. Ba da ka su ke yi ba. Kowane kiɗa a rubuce ya ke a takarda, da waɗansu alamomi masu nuna sautin da za a fitar, da tsawonsa, da ƙarfinsa. Wanda ya zauna ya ƙaga kiɗan ya rubuta, shi a ke kira mai tsara kiɗa, sau da yawa ma ya daɗe da mutuwa kafin a haifi masu kaɗa shi. A gabansu mutum ɗaya ya ke tsayawa da wata siririyar sanda a hannu, shi ne jagora. Shi ba ya kaɗa kome, amma shi ke nuna inda za a yi sauri da inda za a sassauta, da wanda zai ɗaga sauti da wanda zai kwantar da nasa.

Saboda haka takarda ɗaya ta kan fito da kiɗa iri-iri, gwargwadon hannun jagoran da ya riƙe ta. Tun da aka sami hanyar ɗaukan sauti a faifai, sai masu sha'awar abin suka shiga sayen faifai uku ko huɗu na kiɗa ɗaya, su zauna suna gwada wannan da wancan, kowa yana kare nasa gwani. Ga misali. Wani Bajamushe, Richard Strauss, ya rubuta wani kiɗa a 1896 wanda farkonsa ya ke kwatanta fitowar rana: ƙaho ya busa sau uku yana hawa, tambura su amsa, a maimaita har sau uku, sa'an nan duka makaɗan su ɓarke gaba ɗaya. Wani jagora, Karl Böhm, ya ɗauke shi a faifai da makaɗan birnin Balin a 1958. Wani kuma, Herbert von Karajan, ya ɗauke shi da makaɗan birnin Biyana a 1959. Dukansu biyu mutanen Ostiriya ne, takardar kuma ɗaya ce. Masu son Karajan su ce nasa ya fi sheƙi da santsi, masu son Böhm su ce nasa ba ƙawa, amma ya fi tsayawa kan abin da aka rubuta. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu, gama za su sake fitowa nan gaba.

Sinima ma ba ta rabuwa da irin wannan kiɗa. Hoto ya kan nuna wa ɗan kallo abin da ya faru, kiɗan da ke tafe da shi kuwa shi ke gaya wa zuciya yadda za ta ɗauki abin. A ce ga mutum yana tafiya cikin duhu. In aka sa kiɗa mai sanyi, sai a ce tunani ya ke yi. In aka sa mai razanarwa, sai kowa ya gyara zama, a ce yanzu za a far masa. Al'adar masu sinima ita ce, in an gama ɗaukan hoto, a kira mai tsara kiɗa ya kalla, ya rubuta sabon kiɗa daidai da tsawon kowane wuri, kamar yadda tela ya ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Amma kafin sabon ya samu, darekta, watau wanda ragamar fim ɗin duka ta ke hannunsa, ya kan ɗauko tsofaffin faya-fayai ya liƙa na wucin gadi, don ya ji yadda abin zai zauna. Daga nan matsala ta kan taso, domin kunne ya kan saba da na aron, har in na ainihin ya zo ya zama shi ne baƙo.

An haifi Stanley Kubrick a birnin New York a 1928, daga baya ya koma Ingila da zama, a can ya mutu a 1999. Darekta ne mai tsananin bin diddigi, ya kan sa a yi ta maimaita wuri ɗaya har 'yan wasa su gaji, shi bai gamsu ba. A 1960 ya fitar da fim mai suna Spartacus, labarin wani bawa da ya tayar wa Rumawa da ƙayar baya. Wanda ya tsara masa kiɗan fim ɗin shi ne Alex North, Ba'amurke, haifaffen 1910, wanda ya riga ya yi suna a sana'ar tun 1951. An yaba da kiɗan ƙwarai. Bayan 'yan shekaru Kubrick ya haɗa kai da wani marubucin Ingila, Arthur C. Clarke, suka shirya labarin tafiyar ɗan Adam cikin sararin sama. Sunan fim ɗin 2001: A Space Odyssey, kamfanin MGM ne ya zuba kuɗin. Magana kaɗan ce a cikinsa. Sai a yi minti ashirin da 'yan kai daga farko ba a ji kalma ko ɗaya ba, haka nan kuma wajen ƙarshe. Watau kayan da baki ya saba ɗauka, a nan kiɗa ne zai ɗauke shi.

A watan Disamba na 1967 aka kira North zuwa Landan. Bisa ga abin da shi North ya faɗa daga baya, Kubrick bai ɓoye masa ba cewa yana son ya bar waɗansu daga cikin kiɗan aron da ya liƙa. North ya ga cewa zai iya rubuta abin da zai maye gurbinsu duka, ya duƙufa dare da rana, cikin 'yan makonni ya rubuta kiɗan da ya haura minti arba'in. Don tsananin aiki har bayansa ya riƙe, ranar da za a ɗauki kiɗan sai a motar asibiti aka kai shi, wani abokin aikinsa, Henry Brant, ya tsaya jagora a madadinsa. Wannan a watan Janairu na 1968 ke nan. Ya zauna yana jiran a nuna masa sauran fim ɗin, sai cikin Fabrairu saƙo ya zo cewa ba a bukatar ƙari, wai sauran wuraren ƙarar numfashin matafiya za a sa. Ya tattara kayansa ya koma gida, yana tsammani minti arba'in ɗinsa suna nan cikin fim.

A watan Afrilu aka nuna fim ɗin a New York, North ya je ya zauna cikin jama'a. Aka kashe fitilu, rana ta ɓullo daga bayan duniya, sai ya ji ƙahon Richard Strauss yana hawa, na faifan nan na Karajan. Aka zo inda waɗansu halittu masu kama da birai suka farka suka tarad da wani dogon baƙin allo na dutse a tsaye, sai ga muryoyin mutane birjik suna kuwwa kamar taron zuma, kiɗan wani mai suna György Ligeti. Aka zo inda ɗayansu ya jefa ƙashi sama, ƙashin ya rikiɗa ya zama jirgin sararin sama, ga kuma wata tasha mai siffar ƙafar keke tana juyawa a hankali, sai ga kiɗan rawa na kogin Danube, wanda Johann Strauss ya rubuta, aka fara kaɗa shi a Biyana a 1867. Shi da Richard suna ne kawai ya gama su, ba dangi ba ne. Aka zo inda kumbo ya kama doguwar hanya shi kaɗai, sai ga wani goge mai ban tausayi na Aram Khachaturian. Har aka tashi, North bai ji ko minti ɗaya na abin da ya rubuta ba. A nan ya sani, a tsakiyar 'yan kallo.

Tambaya ta fari ita ce, wa ke da gaskiya kan zaɓen kiɗan? Kubrick ya ba da hujjarsa daga baya a wata hira. A ganinsa, kome gwanintar masu tsara kiɗan sinima, ba su kai manyan magabata irin su Beethoven da Mozart ba, saboda haka bai ga dalilin da zai ɗauki na ƙasa ba alhali ga na sama nan jibge a faya-fayai. Ya kuma ce abin da North ya rubuta bai dace da fim ɗin ba. Ba kuwa ra'ayin rana ɗaya ba ne, a kansa ya dawwama. A fim ɗinsa na 1971 ya ɗauko Beethoven. A na 1975, mai suna Barry Lyndon, ya ɗauko Handel da Schubert, ko da ya ke labarin na ƙarni na 18 ne, shi kuwa kiɗan Schubert ɗin sai a 1827 aka rubuta shi. Ya san da haka, amma kunnensa ya gaya masa shi ne ya dace, ya bi kunnen.

Magoya bayan North su ma ba su rasa ta cewa ba. Suka ce tsohon kiɗa da kayansa ya ke zuwa. Wanda ya san kiɗan Danube, da ya ji shi sai zuciyarsa ta tafi zauren rawa na Biyana, maza da mata suna kewayawa, ta bar sararin sama. Suka ce kuma kiɗan mutum huɗu, waɗanda zamaninsu da halinsu ba ɗaya ba, kamar riga ce mai faci huɗu, hannu ɗaya kuwa da ya ɗinka ta da zare ɗaya daga wuya har ƙasa. Jerry Goldsmith, abokin North, wanda shi ma gwani ne a sana'ar, yana cikin masu wannan gani. A 1993 ya tara makaɗa a Landan ya ɗauki kiɗan North a faifai, don duniya ta ji da kunnenta.

Da aka ji, gardama ba ta mutu ba, kuma akwai dalili. Shekara 25 mutane suka yi suna kallon tashar nan tana juyawa da kiɗan Danube, har hoton da kiɗan suka zama abu ɗaya a zuciyarsu. Kome kyawun abin da ya zo daga baya, ya tarad da wuri a cike. Wanda ya ce na Kubrick ya fi, da wuya ya iya rarrabe ko kyau ya ke ji ko sabo. Ga kuma wani abu da ya kamata ya sa mai ra'ayi ya riƙa sassauta murya. Kamfanin Decca, masu faifan Karajan, sun yarda a sa shi cikin fim bisa sharaɗin kada a rubuta sunan jagoran ko na makaɗan. Da aka zo fitar da faifan kiɗan fim ɗin don sayarwa, sai aka sa na Böhm a gurbinsa. Mutane da yawa suka saya suka kai gida suna jin daɗi, suna cewa ga ainihin abin da suka ji a sinima, alhali kuwa wani hannu ne da waɗansu makaɗa. Wannan bai nuna cewa ra'ayi banza ne ba. Wanda ya saurari duka biyu da natsuwa, ya kuma iya faɗin dalilinsa, ra'ayinsa ya fi nauyi bisa na wanda ya ce shi dai haka ya ke so. Amma ko shi ɗin, ra'ayi ne ya ke da shi, ba hukunci ba.

Tun da haka ne, wa zai yanke? Tilas mai aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka, fim kuwa hannu ɗari ke yinsa, amma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kubrick ne ya shekara huɗu da fim ɗin a kansa, shi ne kuma zai sha zagi in ya lalace, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. In mutum ya ba tela ɗinkin riga, ya biya, ranar biki ta zo ya ga tsohuwar rigarsa ta fi dacewa, ya sa ta, babu mai cewa ya yi zalunci. A kan wannan, Kubrick yana cikin hakkinsa, ko da a ce zaɓen nasa bai yi kyau ba. Balle ga shi yawancin masu kallo sun tafi a kan ya yi.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, watau shirun da aka yi wa North. A kan kawo uzuri iri huɗu, ya kamata a duba su ɗaya-ɗaya.

Na fari, a ce ai an biya shi. Gaskiya ne, kuɗi ya sayi takardun da sautin, wanda ya saya kuwa yana da ikon ya ajiye su a akwati. Amma ma'aikaci ba don lada kaɗai ya ke aiki ba, har da don suna. Mutumin da abokan sana'arsa suka san an kira shi Landan, ya shiga zauren kallo da kansa a sama, ya fito da shi a ƙasa, an karɓi wani abu daga gare shi wanda ba ya cikin ciniki. Mutuncinsa ba a yi tayinsa ba, balle a ce an saya.

Na biyu, a ce lokaci ne ya ƙure. Lalle Kubrick yana cikin matsi, har bayan an fara nuna fim ɗin ma sai da ya koma ya yanke minti 19 daga cikinsa. Amma wanda ya sami sukunin aika saƙo a Fabrairu cewa ba a bukatar ƙari, bai rasa sukunin aika na biyu ba. Ko da a ce a sa'an nan bai yanke shawara ba tukuna, ai tsakanin Fabrairu da Afrilu akwai ranar da ya yanke ta. Daga wannan rana bashin magana ya hau kansa, biyansa kuwa bai fi wasiƙa mai layi uku ba.

Na uku, a ce nauyin baki ne, ba ya son ya ɓata wa tsohon abokin aikinsa rai. Irin wannan kunya ta kan yi kama da kirki, amma in aka duba wanda ta hutar, sai a ga mai shirun ne. Shi ya tsira daga minti biyar na rashin jin daɗi. Wanda aka yi wa shirun kuwa bai tsira daga kome ba, an jinkirta masa ɓacin ran ne kurum, aka kuma ƙara masa da idon jama'a. Gaskiya ɗaci gare ta, amma wadda aka sha a ɗaki ta fi sauƙin haɗiya bisa wadda aka sha a kasuwa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shiga zuciyar mutane, a ce ai ga abin da aka samu. Fim ɗin ya fito shekara guda kafin ɗan Adam ya taka wata a 1969, an ba shi lambar girma ta Oscar saboda dabarun hotonsa, masana kuma suka sa shi cikin manyan finafinan da aka taɓa yi. In an sa wannan a ma'auni, wai mene ne ɓacin ran mutum ɗaya? Amsar farko mai sauƙi ce. Da Kubrick ya gaya wa North, fim ɗin ba zai ragu da ko daƙiƙa ɗaya ba. Ƙahon Strauss zai busa yadda ya busa, tashar za ta juya yadda ta juya. Ajiye kiɗan North shi ne kuɗin da aka biya don kyawun fim, shirun kuwa bai sayo kome ba. Abin da bai taimaki kyau ba, ba shi da rabo cikin yabon da kyau ya samu. Amsa ta biyu kuma, in aka yarda kyawun aiki yana wanke laifi, to, an ba gwanaye izinin taka mutane ke nan, ladabi ya zama wajibin marasa baiwa su kaɗai. Alhali kuwa mai baiwa ya fi kowa yawan mutane a ƙarƙashinsa, saboda haka shi ya fi kowa bukatar linzami.

Al'amarin Ligeti ya fi wannan wuyar warwarewa, domin shi abin da aka yi masa riba ya jawo masa. An haife shi a 1923, ya gudo daga Hangari a 1956 ya zauna Biyana, kiɗansa kuwa sai ƙwararru kaɗan suka san shi. Ba a tuntuɓe shi ba aka sa kiɗansa guda huɗu cikin fim, ɗaya ma har aka jirkita sautinsa da na'ura. Sai labari ya ji, ya je sinima da agogo a hannu yana ƙidaya, ya sami wajen rabin sa'a. Ya ɗauki lauya, aka ƙare da sulhu kan kuɗi kaɗan. Amma fim ɗin ya kai sunansa ƙasashen da bai taɓa tsammani ba. To, shi ma za a ce an cuce shi? A ce wani ya kwance dokin maƙwabcinsa ba da saninsa ba, ya kai shi sukuwa, ya zo na ɗaya, kuɗin dokin ya ninka. Mai doki zai yi murna da darajar dokinsa, amma ba zai fasa tambayar wa ya ba da izinin kwance shi ba. Gama da dokin ya karye, wanda ya kwance ba zai raba hasarar da shi ba. Haka Ligeti ya yi. Ya yaba fim ɗin, bai kuwa bar neman hakkinsa ba. Daga baya Kubrick ya sake ɗaukan kiɗansa a finafinansa na 1980 da 1999, ta hanyar da ta dace. Wannan ya nuna tun farko ma hanyar a buɗe ta ke.

Akwai wani darekta, Alfred Hitchcock, mutumin Ingila mai aiki a Amurka, wanda labarinsa ya nuna wani gefen. Tun 1955 Bernard Herrmann ke tsara masa kiɗa. A fim ɗinsa Psycho na 1960 akwai inda aka kashe wata mata a ɗakin wanka, Hitchcock ya ce kada a sa kiɗa a wurin. Herrmann ya rubuta duk da haka, goge zalla masu ƙara kamar ana soka wuƙa. Da Hitchcock ya ji, ya janye maganarsa, ya ce a sa. Wannan halin babba ne, mai iko ya sauko daga ra'ayinsa don ya ga wanda ya fi. Amma a 1966, wajen fim ɗin Torn Curtain, kamfani ya so kiɗa mai sauƙi irin na zamani, Herrmann ya rubuta mai nauyi. Hitchcock ya zo inda a ke ɗauka, ya saurari kaɗan, ya tsai da aikin nan take, aka ba wani mai suna John Addison. Abotar shekara goma sha ɗaya ta mutu a ranar, ba su sake aiki tare ba. Herrmann dai ya san matsayinsa tun kafin rana ta faɗi, bai je ya ji a tsakiyar 'yan kallo ba. Duk da haka wannan ma ba abin koyi ba ne, domin an faɗi gaskiya ne da zafi, a gaban makaɗan da ya ke yi wa jagora. Abin da ya kamata yana tsakanin biyun: a kira mutum gefe da wuri, a gaya masa ba a ɗauki aikinsa ba, a faɗi dalili gwargwadon iko, a cika masa ladansa, a gode masa.

Saura ɗan kallo, shi ƙaƙa zai yi? Waɗansu in sun ji irin wannan labari sai su ce sun daina kallon aikin mutumin. Waɗansu kuma don son aikin sai su ƙaryata labarin, ko su ce ba kome ba ne. Duka biyu sun haɗa lissafi biyu a shafi ɗaya. Kyawun na fim ne, da dukan hannuwan da suka yi shi, har da matattun da suka rubuta kiɗan da makaɗan da ba a rubuta sunansu ba. Bashin kuwa na mutum ɗaya ne. Mai hankali yana iya kallon tashar nan tana juyawa ya ji daɗi har zuci, ya kuma tuna akwai wanda aka kai wurin aiki a motar asibiti ba a ko yi masa sallama ba.

Shi North bai bar aikinsa ya ruɓe a akwati ba, ya yi amfani da wani sashe nasa a finafinan da ya yi daga baya. Sau 15 ana sa sunansa cikin masu neman lambar Oscar bai samu ba, sai a 1986 aka ba shi ta girmamawa saboda dukan aikin rayuwarsa. Ya mutu a 1991, shekara biyu kafin faifan Goldsmith ya fito. Ainihin abin da aka ɗauka a Janairu na 1968 kuwa sai a 2007 aka fitar da shi kasuwa.

Ba sai mai sinima kaɗai wannan ya shafa ba. Duk wanda aikin wani ya ke bi ta hannunsa, ko shugaban ofis ne da akawunsa, ko mai gida da magini, ko uwar gida da mai ɗinki, wata rana za a kawo masa abin da aka sha wahala a kansa, ya ga bai yi masa ba. Yana da iko ya ƙi, babu mai tilasta masa sa rigar da ba ta yi masa ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya bar mai ɗinkin ya zo wurin biki yana dube-dube, yana neman rigarsa a jikin mutane. Ya gaya masa tun a gida.